Famfon ruwa na lantarki: a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfe ko a ɗora shi a kan roba?

Ogan gareji: Assalamu alaikum, 'yan uwa. A makon jiya aka kawo mini wata mota da aka ƙara wa famfon ruwa mai aiki da lantarki, na tarar an bar shi yana reto a jikin tiyon lagireto, babu abin da ya riƙe shi sai kilif biyu da guntun robar tiyub. Tiyon ya tsage a daidai bakin kilif, ruwa ya tsiyaye a kan hanya, injin ya ɗauki zafi har gasket ya ƙone. Matsayina shi ne a riƙa ɗaure irin wannan famfo da noti tam a jikin ƙarfe, yadda ko motsi ba zai yi ba. Hujjata kuwa kamfanoni ne da kansu: famfon injin N52 na BMW da na Toyota Prius samfurin 2010 duk a jikin injin aka ɗaure su da noti.

Mai aikin wayarin: Wa alaikumus salam, Oga. Na yarda cewa aikin da ka tarar ganganci ne, amma hujjar da ka kawo ba ta hau kan kowane famfo ba. Waɗannan biyun an ƙera su ne tun daga masana'anta domin su zauna a jikin injin, da mazauninsu da yawan notinsu da ƙarfin da za a matse su, har ma notocin BMW ɗin na alminiyam ne waɗanda ba a mayar da su idan an kwance. Famfon da muke saye mu ƙara wa mota kuwa galibi jikinsa na roba mai tauri ne, kuma akwai ƙananan kayan lantarki a cikinsa. Idan ka manna shi da ƙarfe kai tsaye, duk girgizar injin da dukan ramukan hanya a kansa za su ƙare, sai kunnensa ya tsage ko jonin da ke cikinsa ya saki. Ka duba ƙaramin famfon da ke sanyaya inbata (na'urar da ke sarrafa wutar batir) a Prius na 2004 zuwa 2009, wanda ke bayan fitilar gaba ta hagu, za ka ga a kan ƙafafun roba Toyota ta zaunar da shi.

Ogan gareji: Malam, roba ai tana ruɓewa, musamman da zafin da muke fama da shi a watan Afrilu da kuma man injin da ke ɗiga a kanta. Bayan shekara biyu wa zai koma ya duba ta?

Mai aikin wayarin: Wanda ke duba kujerar injin, Oga, domin ita ma roba ce, kuma ba mu taɓa cewa a cire ta a yi wa injin walda da shasi ba. Kujerar ma ita ce babbar hujjata. Injin yana ɗan karkata a kanta duk lokacin da aka taka totur, alhali lagireto yana tsaye a jikin bodi. Idan famfo ya kafe a gefe ɗaya kuma tiyon da ya haɗa shi da ɗaya gefen gajere ne, kowane motsi na injin sai ya ja bakin famfon, kuma a nan yoyo yake farawa.

Dattijon makanikai: 'Ya'yana, kowannenku ya riƙe wani ɓangare, amma akwai abin da ya fi noti da roba kashe famfo, kuma ban ji ɗayanku ya ambace shi ba. Wannan famfo ba ya tsotso ruwa daga ƙasa da kansa, sai ruwan ya gangaro ya cika shi tukuna yake iya turawa. Yawancinsu kuma ruwan da suke turawa shi ne yake jiƙa sandar da ke juyawa a ciki, ya sanyaya su. Saboda haka wanda ya ɗaure shi a sama domin can ne ya sami ƙarfe mai kyau, ya tara masa iska ke nan, zai yi ta juyawa a bushe har ya cinye kansa, ko da maɗaurin ya fi na kowa ƙarfi. Shi ya sa kamfanin Davies Craig na Ostireliya, mai ƙera irin wannan famfo, yake cewa a sa nasa a tiyon ƙasa na lagireto. A zaunar da shi ƙasa da tankin ruwa, bakin da ruwa ke fita ya kalli sama ko gefe, a nesanta shi da salansa. Bayan an gama kuma a fitar da iska. A BMW ɗin da Oga ya ambata, ana kunna makulli ba tare da tayar da injin ba, a kai hita ƙarshen zafi, a danne totur na daƙiƙa 10, famfon ya yi ta zagaya ruwan na kimanin minti 12.

Ɗan koyo: Baba, ina neman ƙarin haske. Bayan an ɗaura, ta yaya zan tabbatar yana tura ruwa?

Dattijon makanikai: A Prius ɗin, idan injin ya huce, ka buɗe murfin tankin ruwan inbata, ka kunna motar, za ka ga ruwan yana motsi. Idan ya kwanta shiru, famfon ya tsaya ko iska ta toshe shi, kuma sau da yawa kwamfutar motar za ta nuna lambar matsala ta P0A93.

Mai aikin wayarin: Zan ƙara da batun waya, Baba. A ɗaure ta kusa da soket, a bar mata ɗan sako-sako, kada nauyinta ya rataya a bakin famfon, domin soket ɗin da ya saki yana tsayar da famfo ba tare da direba ya ji wata ƙara ba.

Ogan gareji: Maganar wurin zama na karɓe ta, Baba, kuma na yarda a sa roba tsakanin famfo da maɗaurinsa. Abin da ba zan sauka daga kansa ba shi ne barin famfo a wuyan tiyo kawai, ko da mai ƙera shi ya ce ba shi da nauyi, domin hanyoyin da motocinmu ke bi ba su ne aka gwada shi a kansu ba. Motar nan tana wurina har yanzu. Gobe in Allah ya kai mu zan lanƙwasa mata maɗauri na ƙarfe a ƙasan shasi, in naɗe famfon da zoben roba mai kauri, in sauya tiyon da wanda ya ɗan fi shi tsawo. Malam, ka zo da safe ka duba mini wayar da fiyus ɗin kafin mu zuba ruwa.