Dan Allah ana iya yi wa tayil fenti ya zauna?

Maman Ilham, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin harkar gini ku taimaka min da shawara. Gidan da muke ciki nan Badariya tayil ɗin bangon kicin irin na da ne, ruwan ƙasa mai furanni, ba inda ya fashe ko ya ɗago amma wlh ya sa kicin ɗin duhu, ga layin tsakaninsu duk ya yi baƙi da maiƙo. Na yi wa maigida maganar a ɓamɓare a sa sabo ya ce kuɗin tayil da siminti da na mai aiki ba yanzu ba, kuma gaskiyarsa ce. To sai na ga wasu mata a TikTok suna bin nasu da rola yana komawa fari tas. Abin nan gaskiya ne ko dai a kyamara kawai yake kyau? In zai yiwu so nake in haɗa har da banɗaki da ƙasan falo kafin bikin ƙanwata, akwai ragowar fentin ruwa da aka yi ɗakuna da shi. Gidan namu ne ba haya ba.

Baba Fenta, Jega:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ana yi, amma ba da wanga fentin ruwan naki ba, shi ki aje ma bango. Tayil an gasa shi a wuta ne har fuskarshi ta zama gilashi, ba ta shan komi, shi ko fentin ruwa sai wurin da zai sha irin filasta, in kinka shafa zai bushe ya yi kyau yau amma da farce sai ki ɓare shi kamar ɓawon dafaffen ƙwai.

Kuma abin da masu bidiyon nan ba su nunawa shi ne wankin, nan wahalar take. Ki samu omo da ruwan zafi da soson ƙarfe ki dirje shi sosai musamman saitin inda kike suya, maiƙo ko kaɗan ya rage fenti ba zai kama wurin ba, ki ɗauraye ki sake ɗaurayewa don shi ma omon in ya kwanta matsala ne. In akwai farin nan da ruwan bohol ke bari, lemun tsami na cire shi, amma kar ki kuskura ki haɗa shi da Hypo, hayaƙin da ke tashi guba ne. Sai sanfefa lamba 180 ko 220, ki riƙa jiƙa ta da ruwa kina gogawa har ƙyallin ya mutu, ba wai ki cinye tayil ɗin ba, ƙyallin kawai. Layin da ya zube a cike da farin siminti a bar shi ya bushe ƙarau. Bayan nan firaima, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, ki ce ma mai shago wadda ke kama gilashi da tayil kike so ba ta katako ba, sannan fentin efoksi mai gwangwani biyu da ake haɗawa, in ba a samu ba gilos mai kyau, wato fentin mai. Ƙaramar rolar soso, shafi biyu marasa kauri, kar ki labta don ki gama da wuri zai yi ta zubo da hawaye ne. Lita guda na cin kamar murabba'in mita 8 zuwa 10 a shafi ɗaya, ki auna bangon kafin ki sayo.

Abu Sadiq, Gusau:
Ni dai da ni ne sai in kira masu feshin mota kawai su fesa, fentinsu ai rana da ruwan sama duk yana dauka kuma ba za a ga sawun rola ba

Baba Fenta, Jega:
A'a ɗana, kar ka ba ta wanga shawara. Wancan a fili ake fesa shi ko garejin da iska ke ratsawa, hadinar da ake zuba mishi don ya yi ƙarfi na taɓa huhu, ga tina mai kama wuta, a kicin ɗin da akwai tukunyar gas? Kuma shi ma in ba a kashe ƙyallin ba sai ya ɓare.

Anti Luba, Tudun Wada Gusau:
Maman Ilham ni ba fenta ba ce amma tunda na ga da yara a gidan bari in sa baki. In gilos za ki saya ki duba gwangwanin da kyau ki ga an rubuta ba dalma a ciki, don fentin mai akwai wanda ake sa wa dalma, an fi samu a ruwan ɗorawa da ja, kuma dan Allah ki guji wanda ake ɗurawa a gorar ruwa ba suna ba takarda. Mu nan Zamfara ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba, a 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wancan daga dutsen zinare ne da ake niƙawa cikin gidaje ba fenti ba, amma gubar ɗaya ce kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa tunda komai suka tsinta sai baki. Ranar aikin ki tura su gidan kaka, ki sa takunkumi, ki buɗe tagogi, in kuma kina da juna biyu ki bar wa wani ya yi.

Maman Ilham, Birnin Kebbi:
Kai na gode sosai Allah ya saka da alheri, Anti wlh ban taɓa kawo zancen dalma a raina ba. Baba to falon da banɗakin fa, ba ka ce komai ba

Baba Fenta, Jega:
Da gangan na ƙyale su Hajiya. Ƙasan falo ki cire shi a lissafi, yashin da takalmi ke kwasowa da jan kujera da kekunan yara su za su kankare shi, ranar bikin ma kaɗai ta isa, kuma tayil mai rabin fenti ya fi wanda kike ƙi yanzu muni, ga cire efoksi aiki ne ja. Ki shimfiɗa leda ko kafet ki huta. Banɗaki kuma inda ruwan wanka ke duka kullum ruwa na bi ta layin siminti ya shiga bayan fentin ya kumbura shi, sai dai can sama ko bangon da ba ya jiƙa. A kicin ma jeri biyun tayil da ke daf da wuta ni barinsu nake.

Sai lokaci. In zafin Maris da Afrilu ne da rana ke wuce digiri 40, efoksi da kin haɗa shi zai fara daskarewa cikin roba tun ba ki yi nisa ba, ki haɗa kaɗan kaɗan daidai awon da anka rubuta, ki fara bayan asuba. Da hunturu ƙura ce za ta manne a jiki, da damina kuma bushewa ke jinkiri. Ko ya bushe a hannu ba ya gama ƙarfi sai kamar kwana 7, kafin nan ba wanki ba tururi, ke nan girki sai a tsakar gida, ki lissafa da ranar bikin. Daga baya ma soso mai laushi kawai.

Kafin ki sayi da yawa ki gwada tayil guda a bayan firij, in ya kwana biyu ki tsaga shi da reza gicciye, ki manna salatif ki fizge. In ya biyo salatif to firaimar ba ta yi ba.

Maman Ilham, Birnin Kebbi:
To Baba falo da banɗaki na haƙura. Gobe in sha Allah zan aika babbar kasuwa a dubo min firaimar, in ba a samu ba akwai mai zuwa Sakkwato ranar Asabar. Zan turo hoton gwangwanin nan ka gani kafin a biya.

Baba Fenta, Jega:
Ki ɗauko har bayan gwangwanin inda rubutun yake, gaban duk iri ɗaya ne.