Musayar gogewa: zaɓen man sheƙi na feshi don aikin katako a Kebbi

Mai tambaya, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Ina roƙon masu sana'ar katako su faɗi abin da suka gani da idonsu game da man sheƙi marar launi da ake sayarwa a gwangwanin feshi, domin ina da ƙaramin teburin maɗaci da nake son gamawa, kuma ba ni da injin feshi.

Kafinta, Jega: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada hoton da ke jikin gwangwani ya ɗauke maka hankali, karanta irin sinadarin da ke ciki. Na naitiroselulos yana bushewa cikin mintuna kaɗan, kuma kowane sabon shafi yana narkewa cikin na ƙarƙashinsa, shi ya sa gyaransa yake da sauƙi idan ya karce, sai dai yana komawa ruwan ɗorawa bayan ya daɗe. A kan maɗaci wannan launin ƙarin kyau ne a ganina, amma a kan farin katako irin malaina na fi son na akirilik, wanda yake zama garau. Idan teburin na ajiye kofin shayi ne, to nemi na foliyuretan, domin ya fi jure ruwa da zafi, ko da yake bushewarsa tana da jinkiri. Abu ɗaya da nake nanatawa yaran shagona shi ne cewa maɗaci yana da buɗaɗɗun ƙofofi a jikinsa, idan ba a fara rufe su da sila, wato man da ake fara shafawa don toshe ƙofofin katako, an goge da samfefa mai lamba 320 ba, katakon zai shanye gwangwani guda ba tare da sheƙi ya fito ba.

Mai gyaran kujeru, Yauri: Maganar Malam haka take. Mu da muke bakin kogin Kwara, damuwarmu laima ce. A watan Agusta na sha ganin naitiroselulos ya yi fari-fari kamar hazo bayan feshi, saboda sinadarin yana tashi da sauri, ya sanyaya fuskar katakon, danshin iska ya maƙale a ciki. Da damina ba na feshi da asuba ko bayan ruwan sama, sai hantsi ya ɗaga.

Masassaƙi, Argungu: A nan kuma hunturu da bazara ne jarrabawa. Ƙurar hunturu tana sauka a kan shafin da bai bushe ba, don haka mai saurin bushewa ya fi mini amfani a wannan lokacin, kuma nakan yayyafa ruwa a ƙasan rumfa kafin in fara. Da zafin Afirilu kuwa, idan ka nisanta gwangwanin da yawa, feshin yana bushewa a iska kafin ya isa katako, sai ka shafa ka ji kaushi. Tazarar santimita 20 zuwa 30 ta isa, a girgiza gwangwanin sosai bayan an ji ƙarar ƙwallon da ke cikinsa, a yi shafi marar kauri sau uku ko huɗu, kuma a inuwa.

Mai ƙawata akwatunan amare, Zuru: 'Yan'uwa, akwai abin da ba a ambata ba. An taɓa kawo mini akwatin da ke da tsohon fenti na mai, na gwada feshin a ƙarƙashinsa inda ido ba ya kaiwa, nan take fentin ya tattare. Tun daga nan ba na haɗa iri biyu sai na gwada. Ina kuma roƙon mata masu aiki a cikin gida su fita tsakar gida, nesa da murhu da yara, domin tururinsa yana kama wuta, yana kuma sa jiri.

Mai tambaya, Birnin Kebbi: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malam na Jega, idan na zaɓi foliyuretan, shin silar da ka ambata za ta dace da shi, ko sai na nemi wata dabam?