Neman kalmar Hausa: me za mu kira "évolution" a radiyo?

Mushen Sabon Gari: Assalamu alaikum ƴan uwa. Jibi Alhamis da dare zan shiga wani gidan radiyo a nan Damagaram. An ba ni minti 30 in yi bayani kan abin da ilimin évolution, wato yadda jinsin masu rai ke sauyawa a tsawon zamani, ke iya faɗa game da halayyar ɗan Adam, da inda ƙarfinsa ya ƙare. A lise da Faransanci nake koyar da shi, amma masu saurare Hausa za su ji. Kalma biyu nake nema: évolution da sélection naturelle, wato yadda masu rai da suka fi dacewa da wurinsu ke fin saura rayuwa da hayayyafa. Gobe da yamma zan miƙa takardata, don Allah a taimaka.

Ɗiyar Birni: Wa alaikumus salam Mushe. "Ci gaban halitta" fa? Kowa zai gane.

Mushen Sabon Gari: Ƙanwata, ita ce wadda na fi gudu. Ilimin bai ce abu na ƙara kyau ba, ya ce yana dacewa da wurin da yake. Dubi sikila. Wanda ya gaji ƙwayar halittar sikila daga ɗaya cikin iyayensa yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, Anthony Allison ya nuna haka a 1954. Wanda ya gaje ta daga uwa da uba kuwa, kin san wahalar da yake sha. Ina ci gaba a nan? Kuma kada mu manta, lokacin mulkin mallaka Faransawa "évolué" suke kiran baƙin mutum da ya yi lakwal ya ɗauki ɗabi'unsu, wato sauran suna baya. Ba zan mayar da wannan tsani cikin Hausa da bakina ba.

Ɗan Zango: "Juyin halitta" na riga ya shiga rubutu, ina ganinsa a intanet. A ɗauka a wuce. Ɗayar kuma "zaɓin yanayi".

Ɗiyar Birni: Yaya, ɗan Nijar in ya ji "juyi", juyin mulki zai faɗo masa, abin da ake kwana a tashi an yi. Wannan kuwa dubban zuriya yake ɗauka. "Rikiɗar halitta" ba ta fi ba?

Ɗan Zango: A'a. Hawainiya ke rikiɗa, ko mutumin tatsuniya ya rikiɗe kura. Rai ɗaya ke nan ya sake kama. A nan ba ɗaya ke sakewa ba, jinsi ne gaba ɗaya, daga kakanni zuwa jikoki. In kika ce rikiɗa, kin tabbatar wa mutane kuskuren nan na cewa wai biri ne ya wayi gari mutum, alhali masu ilimin cewa suka yi tushe ɗaya ne ya rabu.

Baban Karkada: Ƴaƴana, ku saurara. Na daɗe ina riƙe da kalmata: "rassantaka", daga reshe. Littafin Charles Darwin, jagoran wannan ilimi, na 1859 zane ɗaya tak ke cikinsa, kuma na rassa ne da ke rabuwa daga tushe. Shi kansa bai yi aiki da kalmar da kuke ta fama da ita ba a bugun farko, zancen gado tare da sauyi yake yi. Rassantaka ba ta da sama, ba ta da ƙasa. Hausa tana da zumunta, tana da dangantaka, me zai hana wannan?

Ɗan Zango: Baba, ma'anar ta yi. Amma wa ya taɓa jin ta? Mutanen Kano da Zariya ba za su bi ba.

Baban Karkada: To sai me? Kullum sai an buga mana hatimi daga Kano kafin mu buɗe baki? Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. In ba mu ƙera kalma yanzu ba, sai yaushe? "Juyin halitta" ɗin nan ma wa ya zauna ya tantance ta?

Ɗan Zango: Ba maganar Kano ba ce Baba. Radiyo ba ta san iyaka ba, ana jin mu har Daura. Yaro a Magarya da yaro a Kazaure ya kamata su tarar da kalma ɗaya in sun bincika.

Malamin Garin Malam: Ni damuwata daban. Halitta aikin Mahalicci ce, kada a jingina mata juyi kamar ita ke juya kanta. Larabawa "taɗawwur" suke cewa. Kalmomin iliminmu da yawa daga Larabci suka zo, mu ara mu huta.

Baban Karkada: Mu tsere wa Faransanci mu faɗa Larabci? Allah gafarta Malam, wannan ma aro ne.

Mushen Sabon Gari: Allah gafarta Malam, na ji, kuma ba fatawa zan je bayarwa ba. Zan faɗi abin da masu binciken suka ce, in nuna iyakarsa, don iyakar ce ta fi damuna. Ga abin da ke takardata. William Hamilton a 1964 ya yi lissafin dalilin da ya sa mai rai ke fifita jininsa: shaƙiƙi kun haɗa rabin gado, ɗan baffa kashi 1 cikin 8. Wannan ya taimaka a gane me ya sa uwa ke hana idonta barci saboda jariri, a ko'ina a duniya. Amma je gidan Bahaushe ko Bafillace ka ga uwa da ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, in baƙi na nan sai ta kau da kai kamar ba nata ba, sau da yawa ma kaka ke riƙonsa. Son yana nan, kunya ce ta ba shi wannan siffa, kuma kunyar koyonta aka yi. Lissafin Hamilton bai san da ita ba. Sai babbar iyaka: ko an gano tushen wani hali, ba a ce halin daidai ne ba. Francis Galton ya ƙago kalmar eugénisme, wato neman gyara irin ɗan Adam ta hanyar zaɓen waɗanda za su haihu, a 1883, daga baya aka hana dubban mutane haihuwa da ƙarfin doka a Amurka da Jamus da sunan gyaran iri. Kalmar da zan zaɓa kada ta sa wani ya ce zalunci gado ne, hali zanen dutse.

Ɗiyar Birni: To Mushe, ga ta biyun. Kakata a Mirya in an yi girbi takan zauna gaban damman hatsi tana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya, mai cikar ido ta ware ta ɗaure daban, ba a taɓa ta ko yunwa ta yi tsanani. "Zaɓen iri" take cewa. Darwin ma da masu kiwon tattabaru ya buɗe littafinsa. Ka fara da zaɓen iri na manomi, sannan ka ce akwai wanda fari da cuta ke yi ba da niyya ba.

Ɗan Zango: Wannan ta zauna. "Zaɓen iri na yanayi". Na janye tawa.

Malamin Garin Malam: In za a ce "iri" maimakon "halitta" a ta farkon ma, hankalina zai fi kwanciya.

Mushen Sabon Gari: Ga yadda zan yi. Sau ɗaya a farko zan ce "abin da wasu ke rubutawa juyin halitta", don mai bincike ya same shi. Daga nan har ƙarshe "sauyin iri daga zuriya zuwa zuriya". Baba, zan yi aiki da reshe da tushe wurin bayani, amma kalmar kanta ba zan iya ɗora wa masu saurare ita a minti 30 ba.

Baban Karkada: Kalma shida a wurin ɗaya. Ban gamsu ba ɗana, amma Allah ya ba da sa'a. Ni dai a rubutuna rassantaka zan ci gaba da sawa.

Ɗiyar Birni: Mushe, eugénisme ɗin fa? "Gyaran iri" manoma na faɗinta da alheri, kada ta ɓaci a bakinsu. Wa ke da wata kafin gobe?