Wace sana'a ya kamata a sa matashi a Sakkwato?

Baban Hafsat, Mabera:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawararku game da ƙanena da ya gama sakandare bana. Abokansa sun tafi ci-rani kudu, shi kuwa ya dage sai na saya masa babur ya shiga kabu-kabu. Ɗan abin da na tanada dominsa sau ɗaya zan iya kashe shi, saboda haka nake son jin ta bakin waɗanda suke cikin sana'o'in.

Mai kabu-kabu, Gawon Nama:
Wa alaikumus salam. Yaya, da wannan sana'a nake ciyar da iyalina, amma ba zan ce ka fara masa da ita ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, cinikin safe yawanci a gidan mai yake ƙarewa, fasinja kuma sai ya gwammace ya taka da ƙafa idan ka ƙara masa kuɗi. Babur kullum tsufa yake yi. Idan ransa yana kan babur ɗin ne, ka kai shi wajen masu gyara, domin mu duka a hannunsu muke.

Baduku, Shiyar Madunka:
Malam, ni dukanci na gada, kuma ina takaicin yadda yaranmu suke gudunsa. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, kuma har gobe ba ta da na biyu wajen laushi da ƙarko. Majemi yakan jiƙa ta a ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare ta, ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, ya shafe ta da mai, sannan a rina ta ja da karan dafi. Daga nan ne take zuwa hannunmu, mu yi takalma da jakunkuna da tumtum da kube da kayan doki. Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba ita ce kasuwar ta fi motsi gabanin salla, kuma dillalai suna kwashe fata mai kyau zuwa masana'antun Kano, sai ta yi mana tsada. Yaron da ya iya tallata kaya a waya zai fi mu cin moriyarta.

Manomin rani, Kware:
Ni shawarata ita ce albasa. Ruwan Rima da madatsar Goronyo su ne suka riƙe fadamunmu, kuma wanda ya samu ko da ɗan fili ne na aro da injin ban ruwa ba ya bukatar zuwa ci-rani. Ribar tana wajen ajiya. Lokacin da kowa ya cire tasa, buhu yakan faɗi warwas. Wanda ya busar da ita sosai, ya zuba a rudu mai shan iska, yana tsince ruɓaɓɓu a kai a kai, shi ne yake sayarwa da daraja bayan damina. Sai dai ku nemi fili a nan kusa, wajen Kware ko Wamakko, saboda halin tsaro a gabashin jihar bai ba da damar tura yaro shi kaɗai ba.

Mai haɗa sola, Arkilla:
Allah ya saka wa Baba na Kware, amma albasa tana son jari da haƙurin watanni, ga kasadar ruɓewa. Yaron da ya yi boko, lantarki da sola sun fi dacewa da shi. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kowane gida yana neman abin da zai juya fanka, masu shaguna suna son ƙanƙara, manoman rani ma sun fara komawa famfon sola saboda tsadar mai. Zai iya koyo da rana a shago, daga baya ya nemi shaidar karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi.

Direban babbar mota, Kalambaina:
Kada a manta da siminti. Samun aiki a cikin kamfanin BUA sai da takardu, amma a kewayensa akwai direbobi da 'yan lodi da makanikai, a cikin gari kuma ga masu buga bulo da magina.

Baban Hafsat, Mabera:
Na gode ƙwarai. Hankalina ya fi karkata ga sola, to amma yaya zan gane ubangidan kirki?

Baduku, Shiyar Madunka:
Ka tambayi inda yaran da ya yaye suke. Idan sun buɗe nasu shagunan kuma suna zuwa gaishe shi, to ka miƙa masa ƙanenka. Idan kuwa ka tarar da manyan samari sun shekara da shekaru suna wanke masa mota da zuwa cefane, ka nemi wani. Ku yanke shekarun koyo da kuɗin abincin rana a gaban shaidu. Kuɗin babur ɗin kuma ka adana su, ranar yaye ka saya masa kayan aiki.