Ibrahim El-Salahi: manufa ɗaya ce ta ɗaure ayyukansa, ko kuwa sauya hanya yake yi?

Ɗalibar Zane:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske game da ayyukan Ibrahim El-Salahi, mai zanen nan ɗan ƙasar Sudan da aka haifa a Omdurman a 1930. Zane-zanensa na shekarun 1960 cike suke da launin jar ƙasa, dogayen fuskoki da gutsattsarin haruffan Larabci, waɗanda suka biyo baya kuma baƙar tawada ce zalla a kan farar takarda, sannan daga bisani sai ga bishiyoyi da aka ja da miƙaƙƙun layuka. Shin akwai abin da ya haɗa waɗannan duka?

Mai Alƙalami:
Wa alaikumus salam, Malama. A ganina abin da ya haɗa su shi ne harafi. Mahaifinsa malamin Alƙur'ani ne, don haka tun yana yaro ya saba da allo da tawada da zayyana, kafin ya tafi makarantar koyon zane ta Slade da ke Landan, inda ya yi karatu daga 1954 zuwa 1957. Da ya dawo Khartum ya baje kolin abin da ya koyo a Turai, sai ya tarar mutanen gari ba su ga kansu a ciki ba, kuma wannan ne ya sa ya koma yana lura da abin da suke rataye a ɗakunansu, wato rubutun ayoyi da adon gargajiya. Daga nan ya fara warware harafi, yana jan ƙafar wannan, yana buɗe cikin wancan, har fuska ko tsuntsu ko jinjirin wata ya fito daga gurbin da ke tsakaninsu. Ko a ayyukan da babu harafin da za a iya karantawa, jan layin na mai rubutu ne. Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba, domin Ahmed Shibrain ma yana cikin rukunin masu zanen da ake kira Makarantar Khartum, amma aikin El-Salahi ya fi nisa da rubutun da ake karantawa.

Baban Hanifa:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin bai ba kurkuku haƙƙinsa ba. A 1975, lokacin yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, gwamnatin Numairi ta tsare shi a gidan yarin Kober bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki, ya kwashe sama da wata shida ba tare da an gurfanar da shi a kotu ba. An haramta wa fursunoni takarda, sai ya riƙa yin zane a kan ƙananan yagaggun takardu yana binne su a cikin yashi. Wannan tilas ita ce ta zama tsarin aikinsa daga baya: ya fara da ɗan ƙaramin abu a tsakiya, idan hoton ya nemi ƙarin wuri sai ya jona masa wata takardar, ba tare da ya san inda zai tsaya ba. Babban aikinsa The Inevitable, na 1984 zuwa 1985, falle tara ne da aka haɗa ta wannan hanya, kuma babu launi a cikinsa sai baƙi da fari. Harafi bai isa ya bayyana wannan sauyi ba.

Ɗalibar Zane:
Na gode muku. To ina matsayin bishiyoyin, tunda ba na ganin harafi ko kurkuku a cikinsu?

Mai Alƙalami:
Bishiyar gawo ce, Malama, wadda ake kira haraza a Sudan, kuma abin da ya ja shi gare ta shi ne halinta na zubar da ganye da damina da yin tsanwa da rani, saɓanin sauran itatuwa. Ya zana ta ne bayan ya zauna a Oxford a 1998, kuma a nan launi ya dawo. Na yarda da ɗan'uwana cewa kurkuku ya sauya yadda yake gina hoto, amma a cikin jerin gawon za ki ga gangar jiki ɗaya a tsaye kamar alif, layuka suna fita daga gare ta dama da hagu. Ki jera su kusa da zanensa Reborn Sounds of Childhood Dreams, wanda yake cikin abin da gidan adana zane-zane na Tate Modern da ke Landan ya nuna a baje kolin ayyukansa na 2013, ki kwatanta yadda ya ja layi a kowanne.