Tseren 'yan JV: rakiya ce ko makaranta?

Baban Hafsat: Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, na kuma san wasu za su ji haushina. Hafsat tana aji goma, shekararta ta biyu ke nan a wannan gudun ratsa daji na makaranta, kuros-kantiri. Bara an ce sabuwa ce, na yi shiru. Bana da aka fitar da sunayen bakwai ɗin da za su wakilci makaranta ba ta ciki, an sake ajiye ta a JV, wato rukuni na biyu. Kullum sai shida ta gota take shigowa, takalmi duk taɓo, ta yi wanka ta kife a kan littafi tana gyangyaɗi. Asabar kuma tana filin tsere na Van Cortlandt a nan Bronx, New York, Islamiyya ta tafi a banza. Ni a ganina tseren JV rakiya ce kawai. Makinsu ba ya shiga lissafin makaranta, ba kofi, ba sikolashif. Ƙarshen watan nan zan cire ta. Mai hujja ya kawo.

Alhaji Isufu: Wa alaikumus salam. Ka yi daidai Alhaji. Ba gudu ya kawo mu Amurka ba. Ɗiyata ta zo mini da takardar shiga gudun nan, na ce mata lakkwal da allo sun ishe ta.

Anti Rabi: Kawu, da girmanka, akwai gyara a maganarka. Na yi shekara uku a JV a nan Bronx kafin na shiga bakwai ɗin farko a ajin ƙarshe. Ba gaskiya ba ne cewa ba a lissafa makinsu. A manyan gasa, 'yan JV tserensu daban, lissafinsu daban, kuma wurare da yawa ana ba waɗanda suka shigo da wuri lambar yabo. Lissafin iri ɗaya ne da na manya: a ɗauki matsayin 'yan mata biyar na farko na kowace makaranta a tara, mai ƙaramin jimla ita ta ci. In kun zo na ɗaya har zuwa na biyar, maki 15 ke nan, babu abin da ya fi shi. Ta shida da ta bakwai ba a tara nasu, amma duk wadda suka riga shiga sun ƙara wa makarantarta nauyi.

Baban Hafsat: To Rabi, kofin 'yan rakiya ai na 'yan rakiya ne.

Anti Rabi: Bari in ba ka misali Kawu. Makaranta tana da gwanaye huɗu, sun zo na 1, na 4, na 9, na 12, amma ta biyar ɗinsu ta zo na 80. Jimla 106. Wata makarantar ba ta da ko tauraruwa ɗaya, sun zo na 10, 15, 20, 25, 30. Jimla 100, su suka ci. Ka ga koci bai damu da ta gaba kamar yadda ya damu da ta biyar ba. Ita kuwa ta biyar ɗin daga ina take fitowa? Daga JV. Kafin Nuwamba sai ka ga ɗaya ta turguɗe, ɗaya ƙashin ƙwaurinta yana ciwo, ɗaya ta faɗi jarrabawa an dakatar da ita. Ranar da na fara gudu da manya, da safe a cikin jirgin ƙasa aka gaya mini.

Malam Sani Direba: Wannan haka yake. Abin da nake so da wasan nan, ba kamar ƙwallo ba ne. A ƙwallo ɗan benci yana iya gama shekara bai taɓa ƙwallo a fili ba, kuma in koci ba ya son fuskarka shi ke nan. A nan kowa zai gudu, hanya ɗaya, tudu ɗaya, agogo ɗaya. In lokacin Hafsat ya fi na ta bakwai sau biyu ko uku a jere, da wane baki koci zai yi musu? Mu a makarantar kwana a gida, lokacin gasar gida-gida, haka ake kora mu duka cikin daji da asuba, mai iyawa da marar iyawa. Ni kullum ina cikin na baya, har mai babur ɗin da ke bin mu ya san sunana. Ban mutu ba.

Hajiya Mariya 'yar Kumasi: Malam Sani shi ya sa ka koma mota ke nan 😂

Malam Sani Direba: Hajiya a rufa mini asiri.

Baban Hafsat: Ku bar raha. Ni tambayata riba. Na je filin sau ɗaya bara. Na tsaya a wannan makeken filin ciyawa, aka harba bindiga, suka ruga kamar garke, suka shige cikin bishiyoyi, ban sake ganin kowa ba. Na yi minti ashirin da wani abu ina jin sanyi, sannan ta fito tana haki, mutum sun fi ɗari a gabanta. Wani ya ce mini akwai yarinyar da ta taɓa gama wannan hanyar a minti 13. To ita Hafsat yaushe?

Anti Rabi: Katelyn Tuohy ake nufi, ta makarantar North Rockland. A 2017 ta gama mil biyu da rabi ɗin nan, kusan kilomita 4, a minti 13 da daƙiƙa 21, kuma ta ci gasar Nike ta ƙasa baki ɗaya sau uku a jere, 2017 zuwa 2019. Kawu in da ita za a auna, to duk New York a rufe wasan. Tun 1913 ake gudu a wannan hanyar, dubban yara kowace kaka, mutum nawa ne Tuohy? Tambayar da za ka yi wa Hafsat ita ce: a Satumba minti nawa, yanzu minti nawa?

Baban Hafsat: Ta ce ta fara da 23, yanzu 21 da 'yan kai.

Anti Rabi: Kusan minti biyu cikin mako shida, a hanya mai tudun bayan nan da ke sa mutum ya tuna kakarsa? Kawu wannan ba rakiya ba ce.

Alhaji Isufu: Ko ta koma 18, me za a ba ta? Ku faɗi gaskiya.

Maman Zainab: A nan ina bayan Alhaji Isufu, kada mu ruɗi kanmu. Duk wanda ya bar 'yarsa a JV don yana jiran jami'a ta biya mata kuɗin karatu saboda gudu, ya sake lissafi. Kaɗan ne ƙwarai ke samu, kuma jami'o'in da ke rukuni na uku a tsarin wasannin jami'o'i, wato Division III, ba sa ba da sikolashif na wasanni sam. In riba ta kuɗi Baban Hafsat yake nema, gaskiyarsa, babu. Amma ni nas ce, abin da nake gani a asibiti daban ne. Yaranmu suna tashi a bene hawa na shida, daga makaranta sai kujera da waya da lemon kwalba. Yarinyar da take gudu kwana biyar a mako tana da wani abu da ba a saya a kemis.

Sai dai akwai inda nake so iyaye su buɗe ido, kuma shi ne ya sa ma na fi son yarinya ta daɗe a JV a kan a yi saurin tura ta gaba. Tsakanin shekara 13 zuwa 16 jikin mace yana sauyawa. Za ka ga 'yar ƙarama a aji tara tana tashi kamar tsuntsu, shekara biyu baya ta girma, gudunta ya ja baya na ɗan lokaci. Wannan ba lalaci ba ne, halitta ce. Matsalar ita ce wasu sai su fara rage abinci don su koma yadda suke. Daga nan al'ada ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni, ya fara tsagewa. Mary Cain, 'yar Bronxville nan kusa da mu, tana cikin fitattun 'yan gudu na ƙasar nan tun tana sakandare. A 2019 ta fito ta bayyana cewa matsin da aka yi mata kan ta rage nauyi ya sa ta yi shekara uku ba ta ga al'ada ba, ta karya ƙasusuwa biyar. Wadda ke JV ba wanda ke zaune a wuyanta, jikinta zai girma a hankali. Da rarrafe yaro kan tashi.

Baban Hafsat, gyangyaɗin nan da ka ambata, ka sa mamanta ta kai ta a auna jininta, a duba sinadarin ƙarfe. Ƙarancinsa ya yi yawa a 'yan mata masu gudu. Ka tambaya kuma me take ci da rana.

Baban Hafsat: Wannan na karɓa Hajiya, za a duba. Amma kin ga kin ƙara mini hujja. Abin da ke da haɗari haka, ba riba, don me?

Maman Zainab: Ban ce gudun ne haɗari ba, na ce yunwa da matsi. Kada ka juya mini magana Alhaji.

Malam Auwal: Ni ba ruwana da minti nawa. Ni ke koyar da ajinsu ranar Asabar. Daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Nuwamba kujerar Hafsat babu kowa mafi yawan lokaci. Kwana biyu kacal muke da yaran nan a mako, an ɗauke ɗaya. Ƙawayenta sun wuce ta da shafi da yawa. Sannan da an sauya agogo a Nuwamba, magariba tana yi kafin ƙarfe biyar, yarinya tana hanya ita kaɗai cikin duhu. Ga kuma tufafin. Na ga irin gajeren wandon da suke sawa.

Hajiya Mariya 'yar Kumasi: Malam maganar kaya an wuce wurin. Jikata da dogon wando take gudu a ƙarƙashin na makaranta, da riga mai dogon hannu, da hijabinta na wasanni. Ba wanda ya ce mata kanzil.

Anti Rabi: Kuma ba a banza aka samu hakan ba. A Oktoban 2019 a jihar Ohio, wata yarinya 'yar shekara 16, Noor Abukaram, ta gama tsere da lokaci mafi kyau da ta yi a kakar, sai ta duba takarda ba ta ga sunanta ba. An soke ta saboda ta sa hijabi ba tare da takardar izini ba. Ba ta yi shiru ba. A 2022 Ohio ta kafa dokar da ta hana a tilasta wa ɗalibi neman izini kafin ya sa tufafin addininsa a wasa. In duk mun janye yaranmu, wa zai tsaya a layin a gan shi?

Malam Auwal: Na ji na tufafi, Allah ya saka. Na Asabar fa? Ba wanda ya amsa mini.

Malam Sani Direba: Gaskiya Malam ya kama mu a nan.

Anti Rabi: Ba zan yi ƙarya ba Malam, ni ma na rasa Asabar da yawa, kuma na ji a jikina, sai da na shekara ina cike giɓin. Abin da zan ce, kakar gajera ce, wajen mako goma. Tseren kansa bai kai rabin awa ba, jiran ne ke cinye yini. In an san ƙarfe nawa 'yan JV za su tashi, uba yana iya ɗauke ta da ta gama, ya faɗa wa koci tun kafin ranar. Mu iyayenmu ba su san ana iya hakan ba.

Malam Auwal: In za ta iso ajin la'asar, ko ta zo Lahadi da wuri ta biya abin da ya wuce ta, ni ba ni da ja. Amma in gan ta, ba alkawari ba.

Alhaji Isufu: Ku dai kuna ta sassautawa. Yau Asabar, gobe za a ce tafiya wata jiha a kwana a otal. Ni tawa ba za ta fara ba, balle a kai can.

Hajiya Mariya 'yar Kumasi: Alhaji Isufu 'yan JV wa zai kai su otal? Ai ka ce 'yan rakiya ne 😂

Maman Zainab: Baban Hafsat, duk wannan surutun, ita yarinyar me ta ce?

Baban Hafsat: Ban tambaye ta ba tukuna. Mamanta ce ta ce mini tun jiya ba ta ci abincin kirki ba da ta ji maganar.

Har yanzu ina nan a kan cewa shekara biyu a rukuni na biyu ya isa a gane inda aka dosa, kuma ban ga abin da zai sa in sake sa hannu a takardar baɗi ba. Amma saura tsere uku a gama, zan bari ta ƙarasa, da sharaɗin Malam Auwal ya gan ta kowace Asabar kafin la'asar. Matsalar ni ina aiki Asabar ɗin nan har ƙarfe biyu.

Malam Sani Direba: Ina wajen Broadway da safe, kusa da tashar titi na 242. Ta turo mini lokacin tashinsu, in ɗauko ta ita da jikar Hajiya in sauke su ƙofar Islamiyya. Amma ta zo da leda ta saka takalman nan, jiya na wanke mota.