Kwana uku a Kano: ina ragowar badala, kuma wace unguwa ta dace a sauka?

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum. Za mu shigo Kano daga Damagaram da ɗalibai masu karatun zanen gine-gine, mu 12, kwana uku za mu yi. Ginin ƙasa ne ya kawo mu: badala, wato ganuwar birni, ƙofofi, gidan tarihi na Gidan Makama, sai marina. Ana ta ce mana badalar ta ƙare, suna ne kawai ya rage. Haka ne? In da saura, ta ina za mu faro? Sannan wace unguwa ta fi dacewa mu kama masauki, yadda ba za mu ƙare a cunkoson titi ba?

Malam Na-Gwale:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya kawo ku lafiya. Ba ta ƙare ba, amma gutsi-gutsi ce ta rage. Ku faro daga Ƙofar Nassarawa, ku bi titin BUK, wato Jami'ar Bayero: Sabuwar Ƙofa, Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, har Kabuga. A wannan layin ne ido zai fi ganin tudun ganuwar, duk da shaguna da shingaye sun tare wurare da yawa. Ku fita da sassafe, kafin rana ta buɗe, kuma ku sauka ku taka. Daga cikin mota ba abin da za ku gani.

Abin da nake so ɗaliban su rarrabe shi ne ƙofa da ganuwa. Ganuwar tsohuwa ce: Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara ta, aka faɗaɗa ta daga baya. Ƙofofin da ke tsaye yanzu kuwa, galibinsu sabon gini ne na siminti da aka yi wa siffar na da. Ƙofar Na'isa ma a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Kada yaro ya zauna yana auna kankare yana rubuta cewa aikin magabata ne. Ƙyauren ƙarfe na asali a Gidan Makama za ku gan shi, daura da Gidan Rumfa, fadar Sarki, kuma shi kansa gidan darasi ne, tun ƙarni na 15 yake. Tun 2007 ganuwar ke jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO don a duba ko za su shiga wuraren tarihi na duniya, har yau ba ta wuce matakin nan ba.

Rana ta biyu ku haɗa marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, da Kasuwar Kurmi, sannan ku hau Dutsen Dala da la'asar.

Jikan Magina:
Malam Na-Gwale ya gama da hanya. Ni kan abin da ke cin ganuwar zan yi magana, tunda masu zane ne za su zo.

Ruwa ne na farko, kuma ta ƙasa ya fi ɓarna. Ku duba gindin bango: inda kwata ko tarin shara ya jingina da shi, laima na hawa, ƙasar ta yi laushi, gindin ya zaizaye ya zama kogo, sai saman ya rufto gaba ɗaya. Kududdufan da ke gefen badala, waɗanda daga cikinsu aka haƙi ƙasar ginin, su ne ke shanye ruwan sama a da. Da aka cike su aka yanka filaye, ruwan ya rasa wurin zuwa sai jikin ganuwa da gidajen mutane. Ƙara da masu ɗibar ƙasa su yi bulo, da masu fasa hanya su gajarta tafiya. Ko'ina kuka ga ƴar hanyar ƙafa ta haura tudu, nan zaizaya za ta tsaga a damina mai zuwa.

Na biyu, gyaran da ba na gwani ba. Mutum ya ga bangon ƙasa ya tsufa, sai ya shafe shi da siminti. Siminti ba ya barin laima ta fita, kuma ba ya miƙewa da tsukewa tare da ƙasa. Ku ƙwanƙwasa irin wannan shafen da yatsa, za ku ji yana amo, alamar ya rabu da bango, cikin kuma ya zama gari. Wata rana faifai guda zai ɓallo, ya taho da naman bangon. Gyaran gaskiya shi ne yaɓe da ƙasa iri ɗaya, a cuɗa ta da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a bi da makuba ta ɓawon ɗorawa, a kuma duba indararo kafin ruwan farko. Indararo ɗaya da ya toshe ya isa ya ruɓar da azara ya kayar da soro.

A marina ku tambayi katsi. Shi ne abin da ake kwasowa daga ƙasan rijiyar rini a ƙone, a haɗa da gashin akuya daga majema da dafara, wani tsiro mai yauƙi, ya zama laso, wanda ke hana ruwa ratsa rufi. To rijiyoyi da yawa a Ƙofar Mata sun bushe, yadin waje da rinin kanti sun kashe kasuwa. In marini ya daina aiki, magini ma ya rasa laso. Mutane kan manta da wannan.

Hajiya Ta-Fagge:
Sannunku da ƙoƙari. Malam, batun masauki: kada ku sa rai da otal a cikin birni, unguwannin gado ne, baƙo a gidan ɗan'uwa yake sauka. Nassarawa da Bompai nan manyan otal suke, akwai natsuwa, kuɗin ne da nauyi. Ga mutum 12, ni titin Zoo zan ce, ko gidajen baƙi na kusa da tsohuwar harabar BUK, don kuna fitowa kuna kan layin ƙofofin. Sabon Gari ya fi araha kuma ba a rasa ɗaki, sai dai hayaniyar dare, ga shi sai kun keta Fagge da cunkoson Kantin Kwari kafin ku shiga gari.

Kafin ku biya, ku tambayi ƙarfe nawa ake tada janareta, ƙarfe nawa ake kashewa, kuma ko yana ɗaukar na'urar sanyi ko fanka kaɗai. Ku buɗe famfon bene na sama da hannunku. In da ƴan mata a ayarin, ku faɗa tun a waya a ware musu ɓangare. Ku ɗauki hayar bas guda ta wuni, ya fi ku watsu cikin adaidaita huɗu. Juma'a kuma kada ku sa Gidan Makama ko Kurmi bayan sha biyu, titunan wajen babban masallaci cika suke yi.

Malam Na-Gwale:
Hajiya, titin Zoo ma da yamma ba ya tafiya, su dai dawo kafin magariba. Malam, ku taho da takarda daga makarantarku zuwa ga shugaban Gidan Makama, tunda aune-aune da hoto za ku yi. A marina kuma ku daidaita da masu wurin kan kuɗin hoto kafin kowa ya ɗaga waya.